Ƙwan Zabi Ba Ya Jiran Sabis

Nafi'u, tun ɗazu na ga bakinka ya ƙi rufuwa don ɗan allon lantarkin nan da ka haɗa ya kama wai-fai, kana bin kowa da waya kamar wanda aka yi wa haihuwa. Madalla, aiki ya yi kyau. Amma ja kujera in ba ka wani misali kafin ka kai wa masu shi.

An yi wata mata mai sana'ar ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Ka san zabuwa ba kaza ba ce, da damina take sakin ƙwai, in damina ta wuce sai a tari baɗi. Matan ƙauyukan kewaye ke kawo mata nasu a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, kowace ta yi wa nata alama, ta zuba a injinta, in sun fashe su dawo su kwashi 'yan tsakinsu. Injin kuwa wani mai haɗa na'urori ne ya ƙera mata da tsohon firji, ya sa masa ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba. Aikin allon bai taka kara ya karya ba: in zafi ya yi ƙasa ya kunna hita, in ya yi yawa ya kashe, jifa-jifa kuma ya karkata tiren ƙwai. Ba ya magana da kowa, amma bai taɓa fashin aiki ba. Damuwar matar ita ce injin ya ɗaure ta a gida. Biki ya wuce ta, suna ya wuce ta, ko gaisuwar rasuwa ta je rabin hankalinta yana kan ƙwan mutane. Sai ta roƙi mai haɗin ya sa wa allon wai-fai, ta riƙa ganin zafin injin a wayarta duk inda take.

Mutumin ya ɗauki injin ya kai shagonsa, ya sayo 'yar na'urar wai-fai ya jona, ya ƙara wa allon umarni, nan take lambobi suka fito a waya. Matar ta rangaɗa guɗa, ta ce a kai gida yau-yau. Ya ce ta dakata. Yana da wata al'ada da abokan sana'arsa ke masa dariya a kanta: duk abin da ya haɗa da sabis, ba ya miƙa shi sai ya yanke sabis ɗin da hannunsa ya ga abin da zai faru. Ya zare filogin akwatin da ke ba da wai-fai, ya kashe allon ya sake kunnawa, ya harɗe hannu. Allo ya yi tsit. Hita ba ta kama ba, tire bai motsa ba, 'yar fitila ce kawai ke ƙiftawa. Ashe umarnin da ya kwafo daga intanet da "jira sai an samu sabis" ya fara, allo kuwa ba shi da wayon kansa, abin da aka ce masa shi yake yi. Ya zama baƙon da ya yi sallama ba a amsa ba, ya ƙame a zaure. Mutumin ya gane cewa da ya kai shi haka, ranar da sabis ya ɗauke ƙwai za su huce, 'yan tsaki su mutu a cikin ɓawo, kuma matar ce za ta tsaya gaban matan ƙauye ta ɗauki laifin. Sai ya warware aikin. Ya sa hita da tire gaba da komai, ya sa allon ya riƙe ma'aunin zafi a cikin kansa, wai-fai kuma ya koma ɗan aike: in hanya a buɗe take ya kai labari, in ta toshe ya sake gwadawa an jima, ba mai tsayawa jiransa. Matar ta yi ta mita, wai ya cika ƙaƙale ga ƙwai na taruwa. Ya toshe kunnensa, ya yi ta yanke sabis yana mayarwa har ya ga allon ko gezau ba ya yi, sannan ya kai mata.

Damina ta yi tsakiya, ƙwai sun kusa fashewa, ta tafi sunan jikar yayarta a wani gari. Hadari ya taso da iska, ya kayar da ƙarfen sabis na yankinsu, wuta ta ɗauke, injin ya mutu ya tashi a kan batirinsa na ko-ta-kwana. Ita dai ta duba waya ta ga ba komai. Tsoro ya kama ta, ta ture kwanon tuwo ta fito ko sallama ba ta yi ba, ga ruwa ya cinye hanya, mota na tafiyar hawainiya. Da ta iso ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa ɗakin. Kafin ta buɗe injin ta ji tire ya yi ƙara ya karkata. Ta sa hannu ta ji ɗumi lau, ta kasa kunne ta ji 'yan tsaki na tsiu-tsiu a cikin ɓawo. Nan ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye. Sabis bai dawo ba sai da aka daɗe, amma kowace mace ta kwashi zabinta.

To ka ji, Nafi'u. Sabis kayan aro ne, mai shi yana karɓe abinsa ba tare da ya shawarce ka ba. Ɗan abin da ka zuba wa allon a kansa shi ne naka. Tashi ka zare filogin nan mu gani, don masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.