Layi Arba'in da Gwani Ya Goge

"Layi arba'in," in ji Gwani, shugaban masu rubuta manhaja, yana nuna allon bango da bakin biro. "Don kawai a kwashi bayanan da ke jikin adireshin shafi a zuba a fom ɗin neman hutu. Suna daban, rana daban, dalili daban, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ƙanwata, a ina aka koya miki wannan wahalar?"

Sabuwar ma'aikaciyar ta ce, "Yallaɓai, abin da ya kamata ya shiga kawai na zaɓa."

Ya taɓe baki. Ita ce ta ishe shi da neman hutu, sau uku yana hana ta, ga shi aikin ma ba ta iya ba. A gaban kowa ya goge layukan, ya rubuta guda ɗaya tak: duk abin da ya zo a adireshi ya shige fom kai tsaye. Ya ɗora a manhajar ofis, ya miƙe ƙafa.

"Haka manya ke yi. Gwada mu gani."

Ta jawo kwamfutarta, ta cike fom, ta ƙara kalma biyu a wutsiyar adireshin, ta danna. Sai ta rufe, ta rataya jaka.

"Ina kuma za ki?"

"Gida, Yallaɓai. Ka ce komai ya shige, sai na ƙara 'an amince'."

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon manhajar ne: hutun wata uku, da sa hannun Gwani.