Hanyar Gida a Ɗanyen Siminti

Da ƙusa yayana ya zana hanyar gida a bangon da muka gama yaɓewa a unguwar Manshiya, inda muke ci-rani.

"Daga Timiya kwana uku ne a ƙafa. Nan ƙauyen masu rumman, a kwana. Nan rijiyar gindin dutse. Nan gidan Inna, can saman tsaunin Bagzan. Jarkar ruwa ɗaya ta isa."

Na ce, "Haba Yaya, mu biyu jarka ɗaya? Ba ta kai mu."

Ya daɗe yana tari, tarin da siminti ya bar masa.

"Tana kai mutum ɗaya. Ka gaishe min da Inna."

Mai gidan da muke wa aiki ya ce in shafe zanen. Na bar shi ya bushe.