Tsohon da Ya Tare Rami

"Wai wannan tsohon a nan zai kwana ne?"

Baƙo ya doka sandar wasan da ƙasa. Yau manya zalla aka bari su shiga wani gidan wasan yara a Gazawa. Kowa ya sayi tikiti ya buga 'yar ƙwallo cikin rami, don a samu abin gyara rufin wurin. Amma wani dattijo ya tare layi, ya ba su baya, ya duƙa cikin babbar riga. Ya buga ta wuce, ya ɗauko, ya sake.

Ran Baƙo ya gama ɓaci. Saboda wasan nan fa ya ƙi zuwa gayyar roron wake a gonar surukinsa a Gangara, ya aika cewa motonsa, wato babur ɗinsa, ya lalace.

"Kai tsoho! In ido ya mutu, a koma gida mana! Ba ka da gona ne? Mutane na can suna roro, kai da furfurarka kana bin ƙwallon yara!"

Dattijon ya juyo a hankali. Malam Tahiru ne, mahaifin matarsa, mai gayyar da kansa.

Baƙo bai san lokacin da ya tuɓe takalmi ya durƙusa ba. "Baba... ina wuni?"

"Moton ya tashi ke nan?"

Baƙo ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ni asibiti na ce musu na taho. Tashi, marar kunya, ka nuna mini yadda ake riƙe abin nan."