Tekun da Ke Jikin Bango

"Miƙa wayar wajen tekun nan, ina so in ji ƙararsa," Inna ta ce daga Gusau.

Wata huɗu ina gaya mata gidanmu a bakin ruwa yake, kullum ina kallon jiragen masunta suna wucewa. Alhali sau ɗaya tak na ga tekun Doha, ta tagar jirgin saman da ya kawo ni. Tagarmu a unguwar Old Airport bangon kanti take kallo, sai wata mage da ke laɓewa ƙarƙashin mota tana haki. Maigidana da asuba yake fita aiki, ni kuwa zafi ya kulle ni a ɗaki. Ko ruwan famfo ƙona hannu yake.

Na hau kujera, na kara wayar a bakin na'urar sanyaya ɗaki.

"Kin ji shi, Inna?"



"Na ji, 'yar nan. Irin wannan tekun ne a ɗakin asibitin da babanki ya yi jinya. Shi ma kullum sai ya ce min lafiyarsa ƙalau."