Kujerar da Ta Ba Titi Baya

Tunda ka ce talla ce ke damunka, gyara zama in ba ka labarin wani mai zane.

Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar hannu. Ka ba shi fensir da farar takarda, kafin shayinka ya huce ya fitar da fuskarka, har da ɗan karkacen hularka. Ya daɗe yana rubuta allunan shaguna, da aikin ya ja baya sai ya ce bari ya gwada tashar mota, inda matafiya ke zaman jiran mota ta cika, ba su da aikin yi sai korar ƙuda. Shugaban tasha ya ba shi gindin wata darbejiya, kusa da wani tsohon wanzami, amma da sharaɗi: in mako ya zagayo sana'a ba ta kama ba, ga mai rake can yana jiran wurin. Mai zane kuwa ya riga ya mayar da makullin shagonsa, ba shi da wata madafa sai inuwar nan.

Talla kam ya yi ta har da gayya. Ya rubuta allo da jan fenti, ya rataye zane-zane a igiya, ya samo 'yar lasifika yana ta shela. Sannan ya yi wata dabara da yake ganin ta fi duka. Ya ajiye kujerar wanda za a zana tana fuskantar titi, shi ya ba titi baya, wai don mai wucewa ya ga takarda, ya ga mai fuskar, ya shaida da idonsa. Ranar farko wani falke mai albasa, magidanci da furfurarsa, ya zo ya zauna. Kafin ka ce kwabo 'yan kallo sun yi dafifi a bayan mai zane, kuma ka san mutanen tasha, bakinsu ba linzami. Wannan ya ce hancin bai kai na gaske faɗi ba, wancan ya ce a ƙara masa kunne, wani ɗan kamasho har da tambayar ko za a sa giɓin. Falke ya yi ta murmushin yaƙe, gumi na keto masa, ana tsakiyar zana gemunsa ya miƙe ya ce motarsa za ta tashi. Motar nan ko rabi ba ta yi ba.

Daga ranar taro bai fasa taruwa ba, amma kujera ta zama kamar an shimfiɗa mata ƙaya. Kowa na son a zana wani ya sha kallo, ba mai son a zana shi. Mai zane ya ƙara murya, ya ƙara jan fenti, shiru. Tsoro ya kama shi sosai, don kullum sai ya hango mai rake yana auna inuwar da ido. A rana ta bakwai ya zauna yana mita, wai mutanen garin nan ba su san darajar zane ba. Tsohon wanzami, da tun farko bai sa baki ba, ya goge askarsa ya ninke, ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina aski a gindin bishiyar nan, ban taɓa juya fuskar kowa titi ba. Wanda ya cire hula a gabanka amana ya ba ka. Kai kuwa ka ɗauki fuskar magidanci ka baza ta kamar tsire a faranti."

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki kujerar ya juya ta, ya zauna yana kallon gindin bishiya, ya ce a zana shi. 'Yan kallo suka taso kamar kullum, sai suka tarar ba abin gani sai ƙeyar tsoho da bayan allon zane, suka watse. Mai zane ya ji hannunsa ya saki a karon farko tun zuwansa. Da ya gama ya miƙa takardar da hannu biyu, mai fuskar kaɗai ya fara gani. Tsoho ya daɗe yana duba. Mutumin da kullum yake riƙe wa wasu madubi, ashe bai taɓa tsayawa ya dubi kansa da kyau ba. Can ya share ido da bakin rawaninsa ya ce a hankali, "Ikon Allah. Wannan ai mahaifina ne, Allah ya jiƙansa."

Shi da kansa ya tashi, mota mota, yana nuna wa tsofaffin direbobin da suka san mahaifin nasa, suna riƙe baki suna cewa ba shakka shi ne. Wani direba ya zo ya zauna, bayansa wata mai fura, kowa ya karɓi tasa ya duba a ɓoye, in ta yi masa daɗi ya shiga mota yana nuna wa na kusa da shi, har ta kai kujerar baya. Da la'asar shugaban tasha ya zo da niyyar sallamar mai zane, ya tarar mutum huɗu na jiran layi. Ya tsaya ya yi kallo, ya aika a gaya wa mai rake ya nemi wata inuwar, sannan ya bi bayan na huɗun ya tsaya.

Mai zane na nan har yau, hankalinsa kwance, kuma kowace safiya sai ya fara durƙusawa ya gaida wanzami kafin ya fere fensir. Sana'arsa sabuwa ce, amma mutanen da yake yi wa ita ba sababbi ba ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.