Allurar Ƙaton Dantse

Da Sista ta tsaga kumburin dantsen wani saurayi, mugunya ta tsarto har kan rigarta. Warin ya ratsa takunkumin fuskarta, amma ta ci gaba da matsawa.

Shi ne na huɗu a makon nan. Duk samari ne masu ɗaga ƙarfe, duk dantsensu ya ruɓe. Likita ya ce abin da suke tsira wa kansu guntun wani sinadari ne da jiki ke samarwa don ƙwayoyin halitta su girma, an gutsire masa gefe guda don ya ƙara ƙarfi. Na ɗakin bincike ne, ba na jikin mutum ba. Mai sayar musu kuma, ga alama, da ruwan famfo yake dama shi.

Kullum ta koma gida sai ta juye wa mijinta takaicin. Ya saurara yana girgiza kai, ya ce mutane sun daina tsoron Allah. Mutumin kirki. Tun da ya buɗe shagon lemo ya sayi ɗan firij, bai taɓa fashin zuwa ɗaukarta ba. In ta makara, har ɗakin allura yake shiga ya jira ta.

Yau ta ƙudura sai ta ji tushen maganar. Tana cusa auduga cikin ramin, saurayin na cizon leɓe, ta tambaye shi wane marar imani ne ya yi masa wannan aika-aika. Ya ce ai mutumin ba macuci ba ne, jikinsa ne dai bai karɓa ba. Har sirinji yake haɗa musu kyauta, sabo fil, mai tambarin asibitin nan.

"Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, Sista. Ya ce ita ke kawo masa maganin. Shi ya sa muka yarda."

Sista ta bi fuskokin abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya a ranta, tana jin ƙyamar kowacce. Ta rantse ba za ta bar asibitin ba sai ta kai maganar gaban shugaba, a tona wa matar asiri, a kore ta.

Aka turo ƙofa. Saurayin ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe.

"Yauwa, ga shi nan ma! Maigida, duba ni ka zo yi?"

Sista ta waiwaya da safar hannunta jage-jage da mugunya. Mijinta ne tsaye a bakin ƙofa, ya zo ɗaukarta.