Gwajin Watan Agusta

Bayan wani mummunan karo a fili, Wyatt ya tashi daga ƙasa yana tangaɗi, hular kwanonsa a karkace. Shekararsa sha shida, shi ne mai jefa ƙwallo a ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta makarantarmu. A garinmu na Texas kowa na yabon yadda Koci Brubaker ya tsaya masa.

Ni ce mai duba lafiyar 'yan wasa. Na faɗa masa kalmomi biyar ya maimaita. Biyu ya tuna.

"Koci, kansa ya bugu. Ba zai koma ba."

"Malama Odom, bi doka mana. Kwatanta da sakamakon gwajin da aka yi masa a Agusta, lokacin yana ƙalau."

Na duba takardar. A Agustan ma biyu ya tuna. A doka, tunda bai gaza na Agusta ba, lafiyarsa lau.

Da suka ga zai koma wasa, 'yan kallo suka hau tafi, har da uwarsa. Tir!

Wyatt ya yi mini murmushi, idanunsa na yawo. "Koci na ƙaunata, Malama. Da kansa ya koya mini yadda zan faɗi gwajin Agusta da gangan."

Sai ya ruga fili, ya shiga layin abokan karawarmu maimakon namu.